Yadda Ake Fita Shan Iska a Abuja Ba Tare da Aljihu Ya Ji Jiki Ba

Magidancin da ke zaune a Kubwa, Nyanya ko Gwagwa yakan ɗauka cewa fita shan iska a Abuja sai mai hali, domin da zarar yara sun ce a kai su cikin gari, abin da ke faɗo masa a rai shi ne manyan kantuna da wuraren wasan da ake yankar tikiti. Amma idan aka zauna aka yi lissafi, za a tarar ba kuɗin ƙofa ne ke cinye aljihu ba, kuɗin mota da abin da ake saya a ci a can su ne ke kwashe kaso mafi tsoka. Saboda haka daga madafa da tasha ake fara shiri.

Tun daren jajibiri uwargida ta haɗa zoɓo ko kunun aya a gorunan roba ta sa a firji su daskare, idan kuma babu wuta a sayi ƙanƙara da safe. A dafa abin da ba ya saurin lalacewa, kamar dafa-duka ko dambun shinkafa, a zuba a kula, a naɗe tabarmar gida, domin masu ba da hayar tabarma ba sa yi wa baƙo sauƙi. Abu mafi wuya shi ne yara, waɗanda idonsu ba zai wuce mai balan-balan da mai askirim ba. Maganin wannan shi ne a yi yarjejeniya tun a gida cewa kowa abu ɗaya za a saya masa, a kuma damƙa wa babbar yaya kuɗin ta riƙe, don ita ta fi uba iya cewa a'a.

Wurin da ya fi dacewa da irin wannan fita shi ne Millennium Park da ke Maitama, wanda Sarauniyar Ingila Elizabeth ta Biyu ta buɗe a watan Disamba na 2003, lokacin da ta zo taron ƙasashe renon Ingila. Ba a biyan kuɗin shiga, ga ciyawa shimfiɗe, ga inuwar bishiyoyi, ga kuma ƙoramar da ta raba filin gida biyu. A ganina kuskuren da aka fi yi shi ne zuwa ranar Sallah ko washegari, lokacin da ko wurin shimfiɗa tabarma sai an sha wuya, direbobi kuma sun ninka kuɗin mota. Wanda ya yi haƙuri zuwa Asabar ta gaba, ya isa da hantsi, zai zaɓi inuwar da yake so, yara su buga ƙwallonsu ba mai tsawata musu. Masu ɗaukar hoto za su yi ta kewayawa, amma wayar hannu ta wadatar.

Game da mota, ya fi sauƙi a haɗa kai da maƙwabta gida biyu a ɗauki shatar mota ɗaya, a tsayar da farashin zuwa da dawowa kafin a shiga. Idan motar haya za a bi, to a shiga a tasha, kada arha ya sa a tare kowace mota a bakin titi, musamman bayan magariba, saboda ɓarayin da ke shigar masu motar haya, waɗanda ake kira wan cans.

Bakin tafkin Jabi ma wuri ne mai daɗi, musamman safiyar Asabar da jama'a ke fitowa motsa jiki. Kallon ruwa kyauta ne, kwale-kwale da hawan doki ne ake biya. Mutanen Zuba da Dei-Dei kuwa ga Dutsen Zuma a kusa da su, a Madalla ta Jihar Neja, kan hanyar Kaduna. A riƙe tsohuwar takardar naira 100 a nuna wa yara hotonsa a bayanta, sannan a bar su su nemo fuskar mutum da ke jikin dutsen da kansu. Lokacin hazo ba a ganinsa sosai, gara a bari sai ƙarshen damina. A Ushafa, ƙauyen da shugaban Amurka Bill Clinton ya ziyarta a shekarar 2000, ana iya tsayawa a ga yadda mata ke gina tukwane, sai dai mutunci ya sa a sayi ko ɗan kasko ne kafin a tafi. Samari kuma suna da gidan damben Dei-Dei, inda kuɗin shiga bai taka kara ya karya ba.

Tsohuwar mahaƙar duwatsu ta Mpape, wadda hotunanta suka cika intanet a shekarar 2020, tana da kyan gani, amma ba wurin ƙananan yara ba ce, domin ruwan yana da zurfi kuma bakinsa gangare ne. Wanda zai je ya tafi cikin ayarin manya, ya sa takalmi mai kama ƙasa, ya kuma tanadi 'yan canji, don samarin unguwar sukan nemi na goro a bakin hanya.