Yadda ake raya harshen Welsh da al'adunsa a makarantar sakandare

A Wales, wani yanki na Birtaniya, tun 1999 dole ne kowane ɗalibi ya koyi harshen Welsh har ya kai shekara 16, amma duk da haka ƙidayar 2021 ta nuna masu jin harshen 538,300 ne, wato kashi 17.8 cikin ɗari, alhali a 2011 sun kai 562,000, kuma raguwar ta fi tsanani ne a tsakanin yara 'yan makaranta. Ga shi gwamnatinsu na burin kai masu magana da shi miliyan ɗaya nan da 2050. To ka ga darasin cikin aji shi kaɗai bai wadatar ba, yaro zai ci jarrabawa lafiya lau amma da an kaɗa ƙararrawa ya koma Turanci da abokansa. Don haka duk malamin da ke son yin wannan aiki, hankalinsa ya koma baranda da ɗakin cin abinci da filin ƙwallo da wayar da ke aljihun yaran.

Matakin farko, ka san wace irin makaranta kake ciki. Akwai waɗanda komai da Welsh ake koyarwa, irin su Ysgol Glan Clwyd wadda ita ce sakandare ta farko irin wannan, an buɗe ta a 1956, akwai kuma waɗanda Turanci ne harshen koyarwa, Welsh darasi ne kawai. A ta farko yaran sun iya, ƙin yi suke. A ta biyu kunya da tsoron kuskure ne ke kama su. Ka raba musu takardar tambayoyi ba sai sun sa suna ba: da wa kake Welsh, a ina, kana jin waƙa da shi, kana tura saƙo da shi? Shirin Siarter Iaith na ƙarfafa yin Welsh a makarantu, da ya faro daga makarantun yankin Gwynedd, da irin wannan tambayar yake somawa, makarantun Turanci kuma suna da nasu mai suna Cymraeg Campus, ka shiga wanda ya dace da ku kar ka tsaya ƙirƙiro sabo.

Na biyu, kuma a ganina nan ne aikin yake tashi ko ya faɗi, ka kafa ƙungiyar ɗalibai, a can Criw Cymraeg suke ce mata. Don Allah kar ka cika ta da 'yan gaban goshin malamai da masu zuwa na ɗaya kawai, ka nemo kyaftin ɗin ragbi, da yarinyar da kowa ke bin ta a TikTok, da yaron nan mai surutu da ke zama a bencin baya, saboda ɗan shekara 14 ba ruwansa da abin da firinsifal ke so, abin da sa'anninsa ke ganin ya burge shi yake bi. Ka ba su ɗan kuɗi da iko na gaske, su zaɓi waƙoƙin da za a sa lokacin tara, su riƙe shafin makaranta, su shirya gasa, kai naka ka sa ido kawai. In ka ƙwace ragamar, ta zama wani darasin, za su watse.

Sai ma'aikata. Malamin lissafi da na motsa jiki da masu raba abinci da mai karɓar baƙi a ofis, kowa ya riƙe gaisuwa da 'yan jimloli ko da biyar ne yana amfani da su kullum. Wanda ya iya sosai ya maƙala bajon nan ruwan lemo da ake sawa a Wales don a gane mai jin harshen. Allunan ƙofa da sanarwa duk a rubuta da harsuna biyu.

Na huɗu, ban da hukunci. A ƙarni na 19 wasu makarantun Wales na rataya wa yaro wani ɗan katako da ake kira Welsh Not in an kama shi yana yaren gidansu, wanda katakon ya rage a wuyansa a ƙarshen yini ya sha bulala. Mu da aka ci tararmu a makarantun kwana don mun yi Hausa mun san zafin wannan. Kuskure ne babba a juya abin a fara hukunta mai yin Turanci, ƙiyayya kawai zai haifar. A ba da maki ko tikitin lada ga wanda aka ji yana ƙoƙari, kuma in ya yi kuskuren nahawu a tsakiyar hira a bar shi ya gama maganarsa, gyara na cikin aji ne.

Daga nan ka cika kalandar shekara. 15 ga Oktoba ranar Shwmae Su'mae ce da ake fara kowace hira da Welsh, 25 ga Janairu ranar Santes Dwynwen ta masoya, a Fabrairu akwai ranar kiɗan Welsh, sai babbar, 1 ga Maris ranar Saint David, waliyyin Wales, lokacin da makarantu ke yin eisteddfod, gasar waƙa da karatu da wasan kwaikwayo tsakanin gidajen makaranta, wanda ya ci gasar rubuta waƙa a ɗora shi kan kujerar girmamawa a gaban kowa. Ka fara shiri tun kafin hutun Kirsimeti, kuma ka sa rukunin masu koyo daban don kar waɗanda suka tashi da harshen a gida su kwashe komai, ka ƙara da gasar bidiyo da rap. Waɗanda suka yi fice a tura su gasar Urdd, ƙungiyar matasa da aka kafa a 1922, wadda ke yin babban bikinta a ƙarshen Mayu.

Ita Urdd ɗin tana da sansanoni a Llangrannog bakin teku da Glan-llyn kusa da tafkin Bala, kwana uku a can ana tuƙa kwale-kwale da Welsh ya fi wata guda na nahawu. A nema wa marasa hali tallafi su ma su je. Ka kuma tuntuɓi Menter Iaith ta yankinku, wato ƙungiyar raya harshen a cikin al'umma, aikinsu ke nan shirya wa matasa harkoki da harshen bayan an tashi, sannan ka nuna wa yara shirye-shiryen S4C, tashar talabijin ta Welsh, da Hansh, sashenta na matasa a intanet.

Iyaye da yawa ba sa jin Welsh, a riƙa tura musu saƙo da harsuna biyu, a gayyace su biki. Ƙarshen shekara ka sake raba takardar tambayoyin farko, ka kwatanta amsoshin, sai ka miƙa wa Criw ɗin su zaɓi abu biyu ko uku da za a sa a gaba a zango mai zuwa.