In ma'aikata sun saɓa a gidan marayu, ga yadda ake bi da abin

Na daɗe ina aiki a gidan marayu, kuma wallahi yawancin rigimar da nake gani ba mugunta ba ce, gajiya ce da rashin tsari. Mace ta kwana da jarirai shida, wannan na kuka wancan ya ɓata zani, ga zazzaɓi ga madarar da za a dama ƙarfe uku na dare, gari ya waye wadda za ta karɓe ta sai tara da rabi ta shigo ko sannu babu, to don Allah wa zai ga laifinta in ta yi magana mai zafi?

Don haka in kece shugaba, kafin ki kira kowa fara duba jadawalin aiki. Wa ke yawan faɗawa kwanan dare, wa ke samun hutun Sallah duk shekara? Sau da yawa nan gizo ke saƙar. Ki rubuta shi na wata guda ki manna a bango, musayar dyuti kuma sai da saninki.

Sai littafin miƙa aiki, wannan kam kar a yi wasa da shi. Wane yaro ya sha magani, ƙarfe nawa, wa bai ci abinci ba, gwangwanin madara nawa ya rage, mai tafiya ta sa hannu mai karɓa ta sa. Haka ma sito, musamman da azumi da ake ta kawo buhunan shinkafa da atamfofi, mutum biyu su ƙirga su rubuta a gaban juna. Zargin sata ya fi komai saurin raba mutane kuma ba ya gogewa.

In faɗan ya riga ya faru, kar ki yi sulhu a gaban yara, kar kuma a guruf ɗin WhatsApp. Yaran nan suna lura fiye da yadda muke zato, na ga yarinya 'yar shekara biyar ta ƙi karɓar kunu a hannun wata Anti saboda ta ji ta zagi wadda ke mata wanka. Ki ji kowacce ita kaɗai tukuna, ki bar ta ta amayar da abin da ke ranta, sannan ki haɗa su a rufe ƙofa. Ki hana "ke dama halinki ne", a tsaya kan abin da ya faru ran Talata. In akwai tazarar shekaru ki kiyaye girman babbar, amma "Baba ki yi haƙuri 'yarki ce" ba zai wadatar ba in babbar ce ke da laifi, ki gaya mata a keɓe. Kuma kar ki bari gaba ta wuce kwana uku, addini ma ya hana, ga shi masu gaba ba sa miƙa wa juna aiki yadda ya kamata.

Abu ɗaya ne ba a sulhu a kansa. In wata ta ce ta ga abokiyar aiki tana dukan yaro ko hana shi abinci, wannan ba gulma ba ce, kar ki ce ku yafi juna. Ki rubuta rana da lokaci, ki janye wadda ake zargi daga wajen yaran har a gama bincike, ki sanar da jami'an walwala na ma'aikatar mata, ita kuma wadda ta kawo maganar ki tsaya mata kar a mai da ita saniyar ware.