Yadda za ka tari ruwan sama da tsohon duro

Duk damina sai ka ga ruwa na ta kwarara daga kwanon gida yana bin kwata, washegari kuma an tsaya a ƙofar gida ana jiran mai kura ya kawo jarka. Gaskiya abin nan na damuna, don duro ɗaya ko biyu sun isa su rage maka wahala tun daga Yuni har Satumba. Ɗaki mai mita 4 a faɗi, 5 a tsawo, in aka yi ruwa milimita 10 kacal zai tara maka kusan lita 200, cikin duro guda ke nan, jarka takwas masu lita 25.

Wajen sayen duron nan ne ya kamata ka fi sa ido. Nemi shuɗin nan na roba, na ƙarfe tsatsa yake yi ya ɓata ruwa. Kuma ka tambayi mai sayarwa me aka zubo a ciki, ka buɗe ka sansana da kanka kar ka tsaya a maganarsa kawai. In na kayan abinci ne kamar man girki to ba laifi. Amma wanda aka sa maganin feshi ko maganin ƙwari ko baƙin mai ko fenti ko wani sinadarin da ba a ma san sunansa ba, wallahi ko kyauta aka ba ka kar ka kai shi gida, roba tana shan irin waɗannan abubuwa kuma duk wankin da za ka yi ba ya fitar da su gaba ɗaya. In ka samu mai kyau sai ka wanke da omo da ruwan zafi, ka ɗauraye sosai, ka kife shi ya bushe.

Jera bulo a wuri mai tauri wanda ba ya gangare ka ɗora duron, don in ya cika nauyinsa ya kai kilo 200, ba abin wasa ba ne in ya kife. Mai gyaran famfo zai huda maka ya sa kan famfo, ka ce ya bar kamar yatsu huɗu daga gindi saboda laka ta samu wurin kwanciya. In gidan ba indararo, a tsaga bututun roba gida biyu a ɗaure a bakin kwano, a ɗan karkata shi wajen duron.

Ruwan farkon damina a bar shi ya tafi, ƙurar rani da kashin tsuntsaye da na ƙadangaru duk shi ke wanke su. Ko bayan nan ma duk sanda aka fara ruwa ka kawar da bututun na ɗan lokaci, sai ka tara a kofi ka ga ya yi garau sannan ka mayar.

Bakin duron a ɗaure masa raga, ko yankin tsohon gidan sauro ma ya yi, sannan a rufe ruf. Sauro sati ɗaya zuwa kwana goma ya ishe shi ya ƙyanƙyashe ya tashi a ruwan da aka bari buɗe, ga kuma yara masu leƙe, Allah Ya kiyaye. Ajiye duron a inuwa don kar gansakuka ta fito. Can sama kuma a yi wata huda a sa tiyo, in ya cika rarar ta wuce duro na biyu, ko ta yi nesa da gini musamman in katangar ƙasa ce.

Wanki, wanke-wanke, wanka da ban ruwan shuka duk ruwan nan ya wadatar, sabulu ma ya fi kumfa a cikinsa. Na sha kuwa sai an tafasa ko an sa maganin tsaftace ruwa na kulorin daidai yadda aka rubuta a jikin kwalbar. Wata-wata kuma a juye lakar da ta kwanta a gindi a wanke duron.