Kurakuran da Gogaggu Suke Maimaitawa a Hawan Manyan Tsaunuka

Daga Disamba zuwa Fabrairu garin Mendoza na ƙasar Ajantina yakan cika da masu niyyar hawan Akonkagwa, tsaunin da ya fi kowanne tsawo a wajen nahiyar Asiya, mai mita 6,961. Yawancinsu ba sababbin shiga ba ne. Wannan ya hau Kilimanjaro, wancan ya taka Elburus, wani ma ya yi yawo a duwatsun Nepal. Sun biya kamfani, an ba su jagora, alfadarai za su kai musu kaya har sansanin Plaza de Mulas. Duk da haka kuskuren da na bara suka yi shi na bana suke yi, kuma shi na baɗi za su yi. Abin ya ishe ni, shi ya sa na zauna na rubuta wannan.

Na farko shi ne mutum ya ɗauka tunda ya hau Kilimanjaro lafiya, jikinsa ya san tsawo. Kilimanjaro mita 5,895 ne, gaskiya ne, amma sansanin ƙarshe da yawanci ake kwana kafin ƙololuwa bai wuce kimanin mita 4,700 ba. Ka tashi cikin dare, ka taɓa saman, ka gangaro a ranar. A Akonkagwa kuwa barci za ka yi a sansanin Nido de Cóndores, wajen mita 5,500, sannan ka sake kwana kusa da mita 6,000. Inda ka kwana shi jiki yake lissafawa, ba inda ƙafarka ta taka da rana ba. Ƙa'idar da likitocin tsauni suke bayarwa sananniya ce: da zarar ka wuce mita 3,000, kada wurin kwananka na yau ya ɗara na jiya da fiye da mita 500, kuma duk bayan kwana uku ko huɗu ka huta yini guda ba tare da ƙara tsawo ba. Masu ƙarfi su suka fi karya ta. Mai gudun fanfalaki yana jin ƙafarsa garau, sai ya wuce kowa, ya isa sansani da wuri yana murna, da dare kansa ya ɗauki sara. Ni dai al'adata ita ce in zama na ƙarshe a layi, in kai kaya sama in dawo ƙasa in kwana, kuma ba na yin rajista da kowane tsarin tafiya da bai kai kusan mako uku ba, wanda ba a ware kwanakin jiran yanayi a cikinsa ba.

Amma wanda ya fi ƙona mini rai shi ne ɓoye ciwo. A kan wannan ba na sassauta wa kowa.

A wata tafiya muna Nido de Cóndores, akwai wani a cikinmu da ya fara tari tun muna Plaza de Mulas. Gogagge ne, ya fi mu duka kayan aiki masu tsada. Duk safiya jagora yana bin tantuna yana tambaya: ya kai, ya barci, ka ci abinci? Shi kuma amsarsa kullum lafiya lau. Ashe yana shan maganin dekzametazon a ɓoye, wanda yake danne alamun ciwon tsawo ba tare da ya sa jiki ya saba ba. Cikin dare abokin kwanansa ya zo yana bubbuga tantin jagora. Da muka haska shi da fitilar goshi, yana zaune ya jingina da jakarsa saboda ba ya iya kwanciya, leɓensa ya yi toka-toka, numfashinsa yana ƙara a ƙirji, kakin da ya tofa a hankici kumfa ne mai jirwayen jini. Ruwa ya taru a huhunsa. Ba a jiran gari ya waye da wannan ciwon, jirgi mai saukar ungulu kuma ba ya tashi cikin dare. Aka sa masa oksijin, jagora da mataimakinsa suka kama shi, mu ma muka karɓi kayansa, aka gangara da shi cikin duhu da sanyin da ke yanka fuska. Ya rayu, alhamdulillahi. Amma kwanakin da iska ta lafa sun wuce muna ƙasa, da muka yi shirin komawa sai guguwar nan da mutanen wurin suke kira farar iska ta rufe saman tsaunin. Babu ko mutum ɗaya a cikinmu da ya kai ƙololuwa. Akwai wanda ya yi shekaru yana tara kuɗin tafiyar nan.

Malam, in kana ɓoye ciwo don kada a mayar da kai gida, ka sani ba ranka kaɗai ka jefa a haɗari ba. Ka jefa na jagoran da zai ɗauke ka cikin dare, mai iyali yana jiransa. Ka cinye dukiyar mutanen da ba su yi maka komai ba. Da mutumin nan ya faɗi gaskiya a Plaza de Mulas, inda akwai likitocin da suke duba kowa kafin ya wuce sama, da abin da zai biyo baya bai wuce hutun kwana biyu ko sauka ƙasa kaɗan ba, wataƙila ma ya dawo ya hau tare da mu. Ciwon kan da bai ji magani ba, amai, rashin sha'awar abinci, haki alhali kana zaune, duk ka faɗa a lokacin da ka ji su. In kuma ka ga abokin tafiya yana tangaɗi, ya kasa taka layi ƙafa gaban ƙafa, ko yana magana ba kan gado, wannan kumburin ƙwaƙwalwa ne, kada ka tsaya neman yardarsa, domin hankalin da zai yarda da shi ne ya taɓu. Ka kira jagora. Oksijin da magani da jakar nan da ake sa mutum a ciki a hura mata iska duk na sayen lokaci ne, maganin gaske sauka ne, ko da mita ɗari biyar. Ni duk maganin da ke cikin jakata sai na zazzage shi gaban jagora tun ranar farko, har da Diamox, maganin da ke taimaka wa jiki ya saba da tsawo, na gaya masa nawa nake sha da lokacin da nake sha.

Akwai abu biyu da suka shafe mu musamman, waɗanda ba kowane jagora ne zai tuna ya gaya maka ba. 'Yar na'urar da ake maƙalawa a yatsa don auna oksijin a jini tana iya nuna lamba sama da gaskiya a kan baƙar fata. Saboda haka in na'ura ta ce kana lafiya, ƙirjinka ya ce a'a, ka bi ta ƙirjinka, ka kuma faɗa wa jagora dalili. Na biyu shi ne sikila. Da yawa daga cikinmu AS ne, ba su taɓa jin komai ba a rayuwarsu, amma a wuri mai tsawo jini yana iya toshewa a saifa, ciwo mai tsanani ya taso a gefen hagu ƙarƙashin haƙarƙari. Ka san ko kai AA ne ko AS, ka zauna da likita kafin ka biya ko sisi. Tsauni mafi tsawo a Najeriya, Chappal Waddi na jihar Taraba, mita 2,419 ne kawai, don haka babu inda za ka gwada jikinka a gida.

Sai lokacin juyawa. Kowane jagoran kirki yana yanka lokaci a ranar ƙololuwa, ya ce in ƙarfe kaza ta yi ba mu kai ba, za mu juya. A tanti kowa yana gyaɗa kai. A cikin Canaleta, kwazazzabon duwatsu masu zamewa da ke ƙarshen hawan Akonkagwa, inda kake jan numfashi sau uku ko huɗu kafin ka ɗaga ƙafa, sai ka ji mutum yana roƙo a ƙara masa awa ɗaya, wai ai ya biya kuɗi. Ranar 10 ga Mayun 1996 a Eberest, Rob Hall, jagoran da ya sha hawan tsaunin, ya bar lokacin juyawar da aka tsara tsakanin ƙarfe ɗaya da biyu na rana ya wuce. Doug Hansen, ɗaya daga cikin waɗanda yake jagoranta, bai isa sama ba sai wajen ƙarfe huɗu. Guguwa ta same su, su biyun ba su sauko ba, mutum takwas suka rasu a wannan guguwar. In mutum irin Hall zai iya karkata saboda tausayin wanda yake ja, to kada ka matsa wa naka jagoran. Kuɗin da ka biya na abinci ne da tanti da iliminsa, babu ƙololuwa a cikin cinikin. Ni nakan rubuta lokacin a jikin safar hannuna, na kuma tsayar wa kaina nawa lokacin rabin awa kafin na jagora, domin a saukowa ne ƙafa take mutuwa.

Sauran ƙanana ne, amma suna mayar da mutane gida. Sabon takalmin da ba ka taɓa tafiya da shi ba zai sale maka dunduniya kafin sansani na biyu, ka sa shi ka yi ta yawo da shi a gida da safar da za ka hau da ita. Ka koyi ɗaura haƙoran ƙarfen takalmi da safar hannu a hannunka, domin a sama ba za ka cire ta ba. Safar hannun ma ka ɗaure ta da igiya a wuyan hannu, iska tana ɗauke ta cikin ƙiftawar ido, yatsun da sanyi ya ci kuma ba sa saurin nuna launi a fatarmu, sai dai ka ji sun daina ji. Tabarau ko da gajimare, hasken ƙanƙara yana ƙona ido. Gorar ruwa ta kwana cikin jakar barcinka tare da batura, ka sha har fitsarinka ya yi haske. Ba giya, ba ƙwayar barcin da likita bai amince da ita ba.

Araha ba ta ado. Kafin ka zaɓi kamfani ka tambaya mutum nawa jagora ɗaya yake riƙewa a ranar ƙololuwa, kuma in mutum ɗaya ya kasa, wa zai sauka da shi ba tare da an juya da kowa ba. Ka tambaya ko 'yan dako da masu ɗaura igiya suna da inshora. Ranar 18 ga Afrilun 2014 ƙanƙara ta rufto a mashigar Khumbu da ke tsaunin Eberest ta kashe ma'aikata 'yan Nepal 16 suna kai kayan baƙi sama, kuma har yau ina ganin masu hawa da ba su san sunan wanda yake ɗaukar musu tanti ba. Taka inshorar kuma ka karanta ta layi-layi, domin da yawa suna da iyakar tsawon da suke biya, wasu ba sa biyan kuɗin jirgin ceto. Ka sa su rubuta maka sunan tsaunin da tsawonsa a takarda, ka ba jagora kwafi ɗaya, ka bar ɗaya a hannun iyalinka.