Yadda Ake Tantance Manyan Gidajen Ƙwallon Kwando na Jami'o'in Amurka

A fadojin Yamai, daga ƙarshen watan Maris zuwa farkon Afrilu, masu bin ƙwallon kwando kan raba dare a kan waya, domin wasan ƙarshe na gasar NCAA, hukumar wasannin jami'o'in Amurka, yana farawa wajen ƙarfe biyu na dare agogon Nijar. Kafin shayi na biyu ya nuna, gardama ta tashi: wace jami'a ce babbar gida? Wannan ya ce Duke don rigarta ya tsinta a gwanjo, wancan ya ce wadda ta ci bara. Amurkawa na kiran irin waɗannan gidaje masu shuɗin jini, wato ƴan sarauta, kuma babu hukumar da ke naɗa su. Amma akwai hanyar awo, kuma takarda ɗaya da biro sun isa.

Ka ja layi huɗu a tsaye: yawan kofuna, shekarun da aka ci su, sunayen kociyoyi, da yawan zuwa zagayen huɗun ƙarshe, wato wasan kusa da na ƙarshe. Ƙungiyoyin maza kaɗai za ka sa. Na mata lissafinsu daban ne, can UConn, wato Jami'ar Connecticut, ce da kofi 12, Tennessee da 8, kuma haɗa su na rikita komai.

Fara da kofuna. An soma gasar a 1939. Zuwa ƙarshen kakar 2025, UCLA, wato Jami'ar California da ke Los Angeles, na da 11, Kentaki 8, Karolina ta Arewa 6, UConn 6, Duke 5, Indiana 5, Kansas 4. Ka yanke a huɗu. Wannan zai bar Villanova da Florida a waje da kofi uku-uku. Haka ma Houston da ba ta da kofi ko ɗaya, duk da Hakeem Olajuwon ya kai ta wasan ƙarshe a 1983 da 1984. Sau biyun ta faɗi.

Layin kociyoyi shi ne wanda ya kamata ka daɗe a kansa, don nan ake bambanta gida da mutum. Tambayar ita ce: in maigida ya tafi, gidan ya ci gaba da tsayuwa? Kentaki ce misali mafi tsabta. Adolph Rupp ya ci huɗu tsakanin 1948 da 1958, Joe B. Hall ya ci a 1978, Rick Pitino a 1996, Tubby Smith a 1998, John Calipari a 2012. Mutum biyar, zamani daban-daban, riga ɗaya. Karolina ta Arewa na da uku: Frank McGuire a 1957, Dean Smith a 1982 da 1993, Roy Williams a 2005, 2009 da 2017. Kwatanta da San Francisco, wadda ta ci 1955 da 1956 lokacin Bill Russell, daga nan ba ta ƙara ba. Wannan ƙungiya ce mai ƙarfi, ba gida ba.

A nan za ka ci karo da matsala biyu. Kofuna biyar na Duke, daga 1991 zuwa 2015, duk na Mike Krzyzewski ne. Goma daga cikin 11 na UCLA na John Wooden ne, har da bakwai a jere daga 1967 zuwa 1973. Kada ka yi gaggawar soke su. Koma layin huɗun ƙarshe. Duke ta buga wasan ƙarshe a 1964 da 1978 tun Krzyzewski bai zo ba, ta kuma koma huɗun ƙarshe a 2025 bayan ya yi ritaya. UCLA ta ci kofi a 1995, ta shiga huɗun ƙarshe sau uku a jere daga 2006 zuwa 2008, ta sake shiga a 2021. Sun tsira. Amfanin wannan layi ke nan: gasar faɗuwa ɗaya ce a sallame ka, rashin sa'ar dare guda na iya hana kofi, amma ba a yawan kaiwa huɗun ƙarshe da sa'a. Karolina ta Arewa ce kan gaba da 21.

Kansas mai kofi huɗu kacal tana shiga ta wata ƙofar kuma. James Naismith, wanda ya ƙirƙiro wasan a 1891, shi ne kocinta na farko a 1898. Rupp da Dean Smith duka ɗalibai ne a can, sun buga ƙarƙashin Phog Allen. Wato manyan gidaje biyu daga tsatsonta suka fito. Wanda ya san darajar silsilar malamai ba sai an yi masa dogon bayani ba.

Kurakuran da ke ɓata lissafi sanannu ne. Na farko, ƙirga abin da aka soke. Louisville ta ɗaga kofi a 2013, NCAA ta ƙwace shi a 2018 saboda karya dokoki, don haka biyu za ka rubuta mata, 1980 da 1986. An kuma soke wa Kansas huɗun ƙarshenta na 2018. Na biyu, kofunan gidauniyar Helms na 1922 da 1923 da Kansas ke rataya tutocinsu: daga baya aka ba da su, ba a filin gasa aka ci ba, kar su shiga layin farko. Na uku, ɗaukar kowane zamani da nauyi ɗaya. Gasar farko ƙungiya takwas ce, kuma a shekarun 1940 wata gasar jami'o'i mai suna NIT na gogayya da ita wajen daraja. Kafin 1975 kowane rukunin jami'o'i ƙungiya ɗaya yake turawa. An kai 64 a 1985, 68 a 2011. Ka sa alama kusa da duk kofin da aka ci daga 1985, domin sai da nasara shida a jere ake samunsa. Na huɗu, yawan ƴan wasan da jami'a ta tura gasar ƙwararru ta NBA. Wannan awon iya zawarcin yara ne, bai shiga takardar ba.

In ka bi haka, biyar za su fito ba gardama: Kentaki, Karolina ta Arewa, UCLA, Kansas da Duke. Saura biyu a bakin zaure. Indiyana na da asali: 1940 da 1953 da Branch McCracken, sai uku da Bob Knight, ciki har da 1976 da ta gama kaka 32 ba faɗuwa. Amma rabonta da kofi tun 1987, rabonta da huɗun ƙarshe tun 2002. UConn kuwa ba ta taɓa leƙa huɗun ƙarshe ba kafin 1999, sai ga shi cikin shekara 25 ta ci shida da kociyoyi uku: Jim Calhoun, Kevin Ollie da Dan Hurley. A awonmu UConn ta shiga, don ta ci jarrabawar sauyin koci har sau biyu. Indiyana kuwa a rubuta ta da fensir a ƙasan shidan, a sa kwanan wata a saman takardar, a sake duba ta kowane Afrilu bayan wasan ƙarshe.