Yadda za ka shirya muhawara kan maye gurbin harajin kuɗin shiga da harajin sayen kaya a Amurka

Idan an ba ka wannan maudu'in a gasar muhawara, ko kuma gardama ce kawai ta haɗa ka da abokai, abu na farko da za ka riƙe shi ne rigimar nan ta Amurka ce, can ta samo asali kuma da alƙaluman can ake yin ta. Ba a fafe gora ranar tafiya, toh tun kafin ranar ka zauna ka san ainihin abin da ake magana a kai, domin yawancin waɗanda ake kayarwa a wannan muhawarar ba don ba su iya magana ba ne, a'a, ba su san me ke cikin ƙudurin ba ne kawai.

Ƙudurin da ake nufi sunansa FairTax. Wani ɗan majalisar wakilai daga jihar Jojiya, John Linder, shi ya fara gabatar da shi a 1999, daga nan ake ta sake kawo shi majalisa, Mike Huckabee ya yi kamfen da shi lokacin da ya nemi takarar shugaban ƙasa a 2008, sannan a Janairun 2023 Buddy Carter, shi ma ɗan Jojiya, ya sake shigo da shi har aka yi ta surutu. Bai taɓa zama doka ba. Abin da yake cewa shi ne a soke harajin kuɗin shiga na tarayya gaba ɗaya, na mutum da na kamfani, a soke abin da ake yanka daga albashi don Social Security da Medicare, wato fanshon tsofaffi da inshorar lafiyarsu, a soke harajin gado da na kyauta, a rufe hukumar tara haraji ta IRS, sai a ɗora haraji guda ɗaya a kan sabon kaya da ayyukan da mutum ya saya don amfanin kansa, jihohi su karɓa su tura wa tarayya. Kayan da aka riga aka yi amfani da su ba haraji, abin da kamfani ya saya don sana'arsa ba haraji. Amma fa sabon gida akwai, kuɗin haya akwai, kuɗin asibiti akwai, abinci akwai. Ka haddace wannan sosai don nan ne mutane ke zamewa, sai ka ji mai goyon baya yana cewa ai ba za a taɓa abinci da magani ba, alhali ƙudurin da yake karewa bai ware su ba.

Da zarar an buɗe fage, ka nemi a tsayar da maudu'in. Wane haraji ake son maye gurbinsa? Na kuɗin shiga kaɗai, ko har da na albashin nan? Bambancin babba ne, domin harajin kuɗin shiga na ɗaiɗaikun mutane shi ke kawo wajen rabin kuɗin gwamnatin tarayya, na albashi kuma wajen kashi ɗaya cikin uku, kaga idan duka biyun za a cire toh ramin da za a cike ya kusa duka baitulmalin ne. Sannan ka tambaya, sabon harajin zai kawo daidai kuɗin da ake samu yanzu ne, ko za a rage kashe kuɗin gwamnati? Idan abokin karawarka ya ce za a rage, toh ya shigo da wata muhawarar daban kuma dole ya faɗi abin da za a yanke.

Yanzu sai lambar da ake ta faɗa a kanta, kuma a nan nake so ka daɗe don wallahi rabin muhawarar a nan take. Masu goyon baya suna cewa kashi 23 ne, masu adawa suna cewa kashi 30 ne, kuma dukansu lissafinsu daidai ne. A ce kaya farashinsa dala 100 kafin haraji, ka je wurin biya aka ce ka kawo dala 130. Harajin dala 30 kenan. Idan ka auna 30 ɗin da farashin kayan, kashi 30 ne. Idan ka auna ta da duka abin da ya fita daga aljihunka, wato 130, sai ta zama kashi 23. Masu goyon baya suna da hujja, sun ce ai harajin kuɗin shiga haka ake lissafa shi, daga cikin jimillar abin da ka samu, toh tunda shi za a maye gurbi sai a auna su da mudu ɗaya. Masu adawa su ma suna da hujja, duk harajin sayen kaya da Ba'amurke ya sani a jiharsa a kan farashi ake ɗora shi, don haka idan ya ji 23 zai ɗauka dala 123 zai biya. Shawarata ko wane ɓangare ka faɗa, kai ka fara faɗin lambobin biyu da bakinka tare da misalin dala 130 ɗin. Idan kana goyon baya kuma ka ɓoye 30 ɗin, ɗayan zai fito da ita kamar ya kama ka da laifi, daga nan alƙalai sun daina yarda da sauran maganarka. Ni dai ban ga amfanin nasarar da aka samu don masu sauraro ba su gane lissafi ba.

Bayan wannan akwai tambayar ko 30 ɗin ma za ta isa. A 2005 kwamitin da shugaba George W. Bush ya kafa don gyaran haraji ya duba batun, ya ƙiyasta cewa ana buƙatar aƙalla kashi 34 a kan farashi, kuma wannan don maye gurbin harajin kuɗin shiga kaɗai ne ba a haɗa da na albashi ba, a ƙarshe bai ba da shawarar a yi ba. Mai adawa wannan makaminsa ne. Ka ƙara da cewa jihohi 45 sun riga suna da nasu harajin sayen kaya, biyar ne kawai ba su da shi a matakin jiha, Alaska da Delaware da Montana da New Hampshire da Oregon, kuma na tarayyar a kan na jihar zai hau, a wurare da yawa abin zai doshi kashi 40. Mai goyon baya kuma amsarsa ita ce tushen harajin FairTax, wato yawan abubuwan da harajin zai hau kansu, ya fi na kwamitin faɗi kuma bunƙasar tattalin arziki za ta ƙaro kuɗi, sai dai ka sani ƙudurin yana sa ita kanta gwamnati ta biya haraji a kan abin da ta saya, wato tana cire kuɗi daga wannan aljihu tana sawa a wancan, idan ba ka shirya wa wannan tambayar ba za ta tsayar da kai cak.

Sai maganar talaka da mai kuɗi. Talaka duk abin da ya samu kashewa yake, mai kuɗi kuwa kaɗan yake kashewa ya ajiye saura, wannan kowa ya sani. A ce gida ɗaya yana samun dala 30,000 ya kashe duka, wani yana samun miliyan ɗaya ya kashe 200,000. Na farko kashi 23 na samunsa ya tafi haraji, na biyu bai kai kashi 5 ba. Masu ƙudurin sun san da haka shi ya sa suka sa cewa duk wata gwamnati za ta turo wa kowane gida kuɗi tun kafin ya je kasuwa, daidai da harajin da zai biya a kan kashe kuɗi har zuwa layin talauci. Idan muka ce layin gidan dala 30,000 ne, zai karɓi 6,900 a shekara, 575 a wata, kaga harajinsa ya koma sifili. Kuma ka tuna an cire masa kashi 7.65 da ake yanka daga albashinsa tun daga dalar farko. Don haka idan kana adawa kar ka ɓata lokacinka kana cewa za a kashe talaka, za a amsa maka cikin minti ɗaya. Inda ciwon yake shi ne masu matsakaicin ƙarfi, malamin makaranta da nas da direban tirela, waɗanda suka haura layin talauci amma har yanzu kusan duk samunsu kashewa suke. Idan na ƙasa bai biya ba, na sama kuma ya sauko daga kashi 37 da ake karɓa a matakin ƙoli yanzu, kuma kuɗin da ake tarawa bai ragu ba, toh wa zai cike? Kwamitin 2005 ma abin da ya gano kenan, nauyin kan na tsakiya zai koma. Akwai kuma tsofaffi da suka biya haraji lokacin da suke aiki suka tara abin da ya rage, yanzu za su sake biya lokacin kashewa.

Idan kai ne mai goyon baya kar ka karaya, kana da abubuwa masu ƙarfi kuma na gaskiya ne. Dokar harajin Amurka ta yi kauri ta cika da rangwame da ƙofofin da masu lauyoyi ne kawai ke cin moriyarsu, duk shekara kafin 15 ga Afrilu, ranar ƙarshe ta miƙa bayanin haraji, mutane na kashe lokaci da kuɗi wurin cike fom. Harajin kuɗin shiga yana taɓa ajiya da jari, ka biya a kan albashi sannan ka sake biya a kan ribar abin da ka ajiye, harajin saye kuwa ba ya taɓa ka sai ranar da ka ci, kuma masana tattalin arziki da dama na ɓangarori daban-daban sun yarda cewa haraji a kan ci ya fi sauƙin illa ga zuba jari. Mai yawon buɗe ido da mai samun kuɗi a ɓoye duk sai sun sayi abu. Jihohi irin su Texas da Florida da Tennessee ba sa karɓar haraji a kan albashi kuma suna tafiya. Ka tsaya kan waɗannan.

Amma akwai wata magana da nake roƙonka kar ka yi. Za ka ji ana cewa ma'aikaci zai tafi gida da cikakken albashinsa ba yanka, kuma farashin kaya zai faɗi tunda an cire harajin da ke ɓoye cikinsa, don haka ko an ɗora 30 ɗin farashi zai tsaya inda yake. Biyun ba sa haɗuwa. Mafi yawan harajin da ke ɓoye cikin farashin ai shi ne harajin da ma'aikata ke biya daga albashinsu, idan farashi zai faɗi sosai sai albashi ya sauko zuwa abin da mutum ke kai wa gida yanzu, idan kuma albashi ya tsaya toh farashi zai hau. Ka zaɓi ɗaya ka kare shi.

Batun karɓa shi ne a ganina ya fi komai nauyi, kuma nan ne mu da muka saba da VAT za mu iya ruɗewa mu ɗauka abu ɗaya ne. A Najeriya VAT ce ta maye gurbin harajin sayarwa a 1994, ta fara da kashi 5 ta koma 7.5 a 2020, a Nijar kashi 19 ce. Ita VAT mataki-mataki ake karɓarta, masana'anta ta biya, dila ya biya, mai shago ya biya, kowa yana neman rasit daga na gabansa don a cire masa abin da ya riga ya biya, sai ya zama suna sa ido a kan juna. FairTax kuwa wuri ɗaya tak ake karɓa, wurin mai sayarwa na ƙarshe, idan shi da mai saye suka haɗa baki aka yi ciniki da tsabar kuɗi ba rasit, dukan harajin ya tafi. A kashi 6 ko 7 mutum ba zai damu ba, a kashi 30 zuwa 40 kuwa jarabar ta yi yawa, ga kuma wanda zai sayi mota da sunan kamfaninsa ya riƙa kai yara makaranta da ita. Alƙaluman IRS sun nuna inda ake yanke haraji tun wurin biyan albashi abin da ake ɓoyewa wajen kashi 1 ne, inda babu wani na uku da ke kai rahoto kuwa ya haura rabi. Shi ya sa ƙasashe fiye da 160 suka bi hanyar VAT tun bayan da Faransa ta fara a 1954, kuma galibinsu sun riƙe harajin kuɗin shiga tare da ita. Idan wani ya kawo maka misalin Saudiyya cewa ba ta karɓar haraji a kan albashi sai VAT ta kashi 15, ka tunatar da shi man fetur ne ke ɗauke da kasafinta.

Kar ka manta da tsarin mulki. Gyara na 16 da aka amince da shi a 1913 shi ya ba majalisa ikon karɓar harajin kuɗin shiga, bayan kotun ƙoli ta rushe wani irinsa a 1895. Soke dokar haraji ba ya soke wannan ikon, wata majalisar gobe za ta iya dawo da shi, mutane su wayi gari da haraji biyu. Ƙudurin ya ce idan ba a soke gyaran cikin shekara bakwai ba harajin sayen zai mutu da kansa, amma soke gyara na buƙatar kashi biyu cikin uku na majalisun biyu da amincewar jihohi 38 cikin 50.

Ranar muhawara ka tafi da takarda ɗaya, lissafin dala 130 a sama, misalin gidaje a ƙasa amma ka ƙara na uku mai samun dala 80,000 don shi ne zai yi maka aiki. Lokacin tambayoyi ka yi su gajeru. Idan kana adawa ka tambayi ɗayan nawa zan biya a kanti kan kayan dala 100, sannan wa zai bi sawun mai shagon da bai ba da rasit ba bayan an rufe IRS, sannan albashi ne zai sauko ko farashi ne zai hau. Idan kana goyon baya ka tambaye shi ko ya yarda tsarin yanzu yana asarar sama da dala biliyan 600 a shekara na harajin da ba a biya, kuma wane gyara yake da shi da zai sa ma'aikaci ya daina biyan wani don ya cike masa fom.