Yadda ake lissafa ɗumin da dabba ke rasawa ta cikin gashinta

Abin da ke tsare dabba daga sanyi iska ce da ta maƙale a tsakanin gashinta, domin iskar da ba ta motsi ba ta saurin ɗaukar zafi. Ƙa'idar lissafin ta Joseph Fourier ce, masanin Faransa da ya wallafa ta a 1822: ka ninka k (lambar da ke nuna yadda zafi ke ratsa abu) da faɗin jiki da bambancin zafi, ka raba da kaurin gashi. Amsar tana fitowa da wat.

Mu ɗauki rago mai kilo 40 da asubar hunturu a Jos.

Fara da faɗin fatarsa. Rago irin wannan yana da kusan murabba'in mita 1.

Sai kaurin gashin. Sa rula a tsaye daga fata zuwa saman gashi, kada ka danne, kada kuma ka miƙar da sili ka auna tsawonsa. A ce ka sami santimita 2. Mayar da shi mita, wato 0.02. A nan ɗalibai suka fi tuntuɓe: idan ka bar shi a santimita, amsarka za ta ragu sau 100.

Na uku, bambancin zafi. Fata digiri 36 a ma'aunin Salsiyos, waje digiri 10, saura 26. Asali zafin saman gashin ake buƙata, amma na iskar waje ya isa ga kimantawa.

Ita k tana nuna yadda zafi ke ratsa abu. Ta iska kusan 0.026 ce.

Yanzu 0.026 × 1 × 26 ÷ 0.02 ya ba da wat 33.8, kusa da ƙwan lantarki mai wat 40. Ɗauke shi a matsayin mafi ƙaranci, don gashi na gaske ya fi iska zalla barin zafi ya wuce, ga kuma abin da numfashi ke fitarwa.

Abin da na fi so mai kiwo ya lura da shi shi ne ruwa. Tasa k kusan 0.6 ce, ta ninka ta iska fiye da sau 20. Jiƙaƙƙen gashi yana kwanciya, kaurinsa ya ragu, ruwa kuma ya maye gurbin iskar. Ko kaurin kaɗai ya koma santimita 1, asarar ta zama wat 67.6. Don haka ɗan tunkiyar da aka haifa cikin dare a bar uwa ta lashe shi, ko a goge shi da tsumma, a kai shi inda iska ba ta bugawa.